Zuwa Ga Wayar Da Ke Kwana Ƙarƙashin Matashina

Ke waya,

Ba sai na yi miki doguwar gaisuwa ba, tunda tare muke kwana, tare muke tashi. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan rabon da ki kawo mini muryar yaron nan. Ɗaya bayan ɗaya nake soke su da biro a jikin kalandar masallaci da ke manne a ƙofar firij. A cikin kwanakin nan kin yi ƙara ba adadi. Masu tallar inshora sun kira, ofishin da ke tura ni aiki ya kira, matan adashinmu sun kira, Inna ta kira daga Zariya. Duk sanda kika motsa sai gabana ya faɗi, in duba fuskarki ina neman lambobi uku, 847, lambar yankin da ke arewa da Chicago. In ban gan su ba sai in ji kamar in yi jifa da ke. Sai kuma in tuna ba ni da wata ƙofa zuwa gare shi in ba ke ba, in goge ki da bakin mayafi in mai da ke aljihu.

Saboda ke na daina shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. In jirgin ya nutsa cikin rami tsakanin tasha da tasha sai ki kurumce, ni kuwa ba zan iya sayar da kiransa da minti uku na duhu ba. Bas nake bi yanzu, ko da zai ƙara mini minti arba'in a hanya. In zan yi salla a gefen sallaya nake ajiye ki. In zan yi wanka Auta ce ke riƙe da ke a bakin ƙofa.

Kin san ba na kiran sunansa. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci. Shekara goma sha tara ina ce masa "kai", ina ce wa mutane "yaron nan". Ko a cikinki ban rubuta sunan ba, "Yaya" na sa, yadda ƙannensa ke kiransa. Da a Zariya muke, da kakarsa da gwaggwanninsa ne za su yi ta safa da marwa a kan ciwon da yake yi, ni kuwa in noƙe a ɗaki ina satar sauraro, don uwa ba ta nuna zaƙuwa a kan ɗan fari a gaban jama'a. A nan Bronx babu mai ɗauke mini wannan kaya. Shi ya sa na ninke kunya na ajiye gefe nake rubuta miki.

Kafin ya tafi ban san komai a kan wurin ba. Yanzu ko daga barci aka tashe ni zan karanto shi. Sansani ɗaya tak rundunar sojan ruwan Amurka take da shi na horar da kurata, a jihar Illinois, a bakin tafkin Michigan, kuma tun 1911 yake nan. Teku tana can nesa, amma gine-ginen da suke kwana a ciki "jirgi" ake ce musu, kowanne da sunan wani jirgin yaƙi. Matasa kusan dubu arba'in ke ratsawa ta cikinsa duk shekara. Da mako takwas ake yi, a 2022 aka mai da shi goma, daga baya aka sake rage shi. Shi kuma a watan Janairu ya faɗa, lokacin da iskar tafkin ke yankar kunne, ruwa ya daskare a ƙasa kamar gilashi. Yaron da ko hunturun Zariya sai an bi shi da rigar sanyi da man kaɗanya.

Daren da ya isa kin tashe ni wajen ƙarfe ɗaya. Da Turanci ya yi magana, da sauri, kuma na gane daga takarda yake karantawa: ya isa lafiya, zai sake kira nan da 'yan makonni. Ana ta tsawa a bayansa. Ko minti ɗaya bai cika ba. An riga an gaya mana haka kowane kurtu ke yi, don haka ban damu ba, na yi hamdala na koma barci.

Kiran mako na huɗu ne ya tsaya mini a rai. Ina gidan tsohuwar da nake kula da ita, ina tsakiyar canza mata zanen gado, kika yi ƙara. Na gyara mata kwanciya na ruga kicin.

"Umma, ina wuni."

"Lafiya lau. Kana lafiya?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Ya ba ni labarin askin ƙwal-kwabo da aka yi musu, da yadda ake ninke singileti sai ya zama kamar an yanka shi da wuƙa, da yadda ya tsallake gwajin iyo: a yi tsalle daga saman dandamali a faɗa ruwa, a yi iyo yadi hamsin, a kwanta a kan ruwa minti biyar. Yana dariya. Sai maganar ta yanke, na ji ya rufe bakin waya da tafin hannu. Amma ke kin ci amanarsa, kuma na gode miki. Ta tsakanin yatsunsa kika zubo mini tarin. Mai zurfi ne, daga can ƙasan ƙirji, kamar taɓarya a cikin turmin da babu hatsi. Shekara takwas ina aikin sauraron ƙirjin tsofaffi, na san tarin da ke tsayawa a maƙogwaro, na san wanda ya riga ya sauka.

"Wannan tarin fa?"

"Mura ce kawai, Umma. Kowa a nan yana yi."

"Ka je ka ga likita."

"To, Umma."

Na san wannan "to". Ita ce "to" ɗin ɗa mai tarbiyya, wadda ke rufe magana cikin ladabi ba tare da an yi alkawarin komai ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ke kuwa ba ki ba ni fuska ba. Da na ga idonsa, da na ga laɓɓansa sun bushe, da ban bar shi ya rufe maganar ba.

Bayan kwana tara kika sake nuna mini 847, da rana tsaka, ranar aiki, lokacin da ba a saba kira ba. Tun kafin in ɗauka ƙafafuna suka yi sanyi. Muryar ta sirance, yana yanka magana gida-gida don ya sami numfashi. Nimoniya ce, in ji likita. Yana kwance ana yi masa ƙarin ruwa. Za a cire shi daga rukuninsu sai ya warke, sannan a haɗa shi da waɗanda ke bayansu, don haka kada mu sayi tikitin zuwa faretin yaye su tukuna. Na ce kwana nawa ka yi da zazzaɓi kafin ka faɗa? Ya yi shiru. Na maimaita. Ya ce shida.

Kwana shida yana tashi tun kafin asuba, yana fareti cikin ƙanƙara, yana gudu, jikinsa kamar garwashi. Ba don an hana shi ganin likita ba. Akwai lokacin da aka ware wa duk mai ciwo ya fito ya faɗa, shi ne bai fito ba, don tsoron kada a mai da shi baya, ya rabu da yaran da suka fara tare. Yaron da ke kwana a saman gadonsa ne ya ji gadon yana girgiza cikin dare saboda rawar ɗari, ya sauko ya taɓa goshinsa, ya je ya faɗa wa mai horar da su. Ban san sunan wannan yaro ba, ban san garinsu ko addininsa ba, amma ya shiga addu'ata ta asuba kuma ba zai fita ba.

Kafin lokacinsa ya ƙare ya ce, "Umma, ku yi haƙuri. Ki ce wa Abba ya yi haƙuri. Na ba ku kunya."

Daga nan kika yi shiru, har yau.

Abin da na fara yi shi ne na buɗe kabad na ciro fulas da kula. Hannuna ne ya yi, ban yi shawara da kaina ba. Maigida ya tsaya a bakin kicin yana kallona, can ya ce, "Ina za ki kai?" Babu inda zan kai. Kurtu ba a kai masa ziyara, ba a aika masa abinci, ko da ta gidan waya ne. Na mai da kular mazauninta.

Yana ɗan shekara shida zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi a wani asibiti a gida. Duk da kunyar ɗan fari, da dare ya yi kakarsa ta gaji ta tafi, ni na shimfiɗa tabarma a gindin gadon. Na san sau nawa ya juya, na san cokali nawa na kunun tsamiya ya shiga cikinsa da nawa ya dawo. Da hantsi 'yan dubiya suka cika barandar, wannan da lemo, wannan da farfesu, wannan da 'yar naira a dunƙule cikin hannu, kowa yana "sannu, ya mai jiki?" ana amsa masa "da sauƙi". A wurinmu ciwo ba na mutum ɗaya ba ne. Asibiti na ba da magani, dangi na yin jinya, kuma ba mu taɓa ɗaukar ɗaya ya wadatar ba tare da ɗayan ba.

Shi ya sa da na gaya wa Inna, ba ta tambayi sunan ciwon ba. Cewa ta yi, "To wa ke jinyarsa?" Na ce akwai likitoci, akwai nas-nas, asibitin ya fi duk wanda muka taɓa kwanciya a ciki. Ta ce, "Na ji. Na ce wa ke jinyarsa?" Na rasa amsa. Ta ce a ba shi zuma da citta da lemon tsami. Na ce to. Washegari ta sa aka soya ƙosai aka raba wa almajirai, ta aiko mini da hoton kwanon ta WhatsApp. Awa shida ke tsakaninmu da ita a wannan lokaci na shekara, amma duk sanda na farka cikin dare sai in tarar da saƙonta yana jirana: "An ji shi?"

Na nemi in ji daga bakin masu kula da shi. Da ladabi aka amsa mini, aka kuma gaya mini abin da na riga na sani. Akwai doka a ƙasar nan tun 1996 da ta hana a faɗi ciwon baligi ga kowa sai da izininsa, kuma duk wanda ya cika shekara 18 baligi ne, ko da uwarsa ce ke tambaya. Ba zan zagi dokar ba. Ni ma da ita nake aiki, sau da yawa 'yan'uwan tsohuwar nan sun tambaye ni abin da ban da ikon faɗa, na kama bakina. Yanzu na san yadda suke ji in na ce musu su yi haƙuri. Akwai hanyar kai saƙon gaggawa ta ƙungiyar Red Cross, amma ta labarin da ke fita daga gida zuwa wurin soja ce, kamar rasuwa ko ciwo mai tsanani. Da ni ce a kwance, da labari ya same shi cikin sa'o'i.

Iyayen da 'ya'yansu suka riga nawa shiga suna da magana ɗaya da suke lallashin juna da ita: in ba a kira ki ba, to babu abin tashin hankali, don da abu ya ɓaci da an neme ki. Na yarda gaskiya ne, kuma da ita nake samun ɗan barcin da nake samu. Amma kwana shidan nan da ya yi yana ƙonewa ma shiru ne, kuma a lokacin na ɗauka alheri ne.

Ke ce kuma ke hana ni sauran barcin, don a cikinki nake tone-tone har ƙarfe uku. Na gane ciwon ƙirji tsohon abokin gabar irin wannan wuri ne. A tara matasa kusan tamanin daga kowace kusurwa ta ƙasa, kowa da ƙwayoyin cutar garinsu, a zuba su ɗaki ɗaya a gadaje masu hawa biyu, ga ƙarancin barci, ga gajiya, ga sanyi, ai dole tari ya zaga. A 1918 murar da ta game duniya ta kashe ɗaruruwa a wannan sansani. Saboda irin wannan tarihi ne ake tarbar kurata da allurai tun makon farko, har da wata ta fenisilin mai kauri da ake yi a ɗuwawu don tare ciwon maƙogwaro, wadda saboda kaurinta suke kamanta ta da tunkuza. Akwai kuma wasu ƙwayoyi biyu da ake haɗiya, rigakafin wata cutar numfashi mai suna adinobairos. An fara ba kuratan Amurka ita a 1971. Kamfanin da ke yinta ya daina a 1996, ragowar ta ƙare a 1999, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, har kurata biyu suka rasu a shekarar 2000. Sai a Oktoban 2011 aka dawo da ita, ciwon ya sake kwantawa. Da na karanta wannan na ji sanyi a raina cewa nawa ya zo a zamanin da akwai ta, na kuma yi tunanin uwayen waɗancan biyun.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini shi ne jininsa. AS ne, irin nawa. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu haka yake, kuma ba ma ɗaukarsa ciwo, don ba sikila ba ce. Ba a ma tuna shi sai an zo maganar aure. Ban taɓa sanin cewa mai irin wannan jini, in ya matsa wa jikinsa fiye da kima, ga ƙishirwa, ga shi bai daɗe da tashi daga ciwo ba, yana iya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar gudu ba. A 2019 'yan mata biyu kurata sun faɗi a wurin gwajin motsa jiki a sansanin, ɗaya a Fabrairu ɗaya a Afrilu, kuma ba su tashi ba. A watan Mayu rundunar ta fitar da umarni ga dukkan jami'anta, ta lissafa abubuwan da ke ƙara haɗarin irin wannan faɗuwa, ciki har da jinin AS da ciwon da bai gama sakin mutum ba, ta kuma ce wanda jikinsa ya ƙi ranar gwaji a tsayar da shi, a ba shi wata ranar. Suna gwada jinin kowane kurtu, don haka sun san nasa. Gudun nan na mil ɗaya da rabi, kusan kilomita biyu da rabi, yana nan yana jiransa in ya tashi, da huhun da bai daɗe da warkewa ba.

Sun buɗe masa ƙofar ya ce "ba zan iya ba yau". Abin da ke ci mini rai shi ne na san ba zai faɗa ba, kuma na san wanda ya hana shi.

Ni ce. Ni da mahaifinsa, da kakarsa, da duk gidanmu. Ranar da aka yi masa kaciya bai yi kuka ba, aka yi ta guɗa, aka soya masa kaza, aka ce namijin duniya ne. In ya faɗi ya ƙuje gwiwa cewa nake, "Tashi, namiji ba ya kuka." Yana shekara tara ya kai azumi har magariba cikin zafin bazara, laɓɓansa sun tsage, na ga yana layi, amma na bar shi, kuma da aka sha ruwa na yi alfahari da shi a gaban maƙwabta. Mun koya masa cewa amsar "kana lafiya?" ɗaya ce tak, ko da mutum yana kan gargara. Mun koya masa cewa raki abin kunya ne, dauriya ita ce mutunci. A gida wannan tarbiyya ba ta da haɗari sosai, domin akwai idanu ashirin a kansa. Ko bai faɗa ba, kakarsa za ta ga ya rage tuwo, ƙanwarsa za ta ga ya kwanta da wuri, ni zan taɓa wuyansa da bayan hannu ina wucewa kamar ban kula ba. Bakinsa na iya yin shiru saboda gidan gaba ɗaya yana magana a madadinsa. Muka ɗauke shi da wannan shirun muka kai shi inda ba a jin ciwon mutum sai ya buɗe baki ya faɗa, kuma ba mu taɓa zaunar da shi mun ce masa ƙa'idar ta canza ba.

Shi ya sa kalmar nan ta "na ba ku kunya" ta fi tarin yi mini ciwo. Yana kwance da allura a hannu, abin da ke ransa shi ne tikitinmu da ranar da muka riga muka faɗa wa 'yan masallaci.

Da na ga ba ki da niyyar motsi, sai na koma ga yayarki, takarda. Wasiƙa tana shiga inda ba kya shiga, kuma ran Lahadi da safe ana ba su lokacin rubuta amsa. Na zauna a teburin kicin bayan isha na rubuta masa da Hausa, don kada ya karanta ni da muryar da ba tawa ba. Na ce masa fareti ba ya guduwa, in ba a yi shi cikin sanyi ba a yi shi da bazara, kuma ko sun sallamo shi gida gaba ɗaya, ƙofar da ya fita ta ita zai shigo, babu mai ɗaga masa gira. Na ce masa ranar gudu, in ya ji ƙafafunsa sun riƙe, ko ƙirjinsa ya ɗaure, ko ido ya fara duhu, ya tsaya ya ɗaga hannu, umarnin uwa ne, kuma in ya saɓa ban yafe ba. Na ce masa abin da na koya masa game da kuka ban koya masa shi cikakke ba. Mahaifinsa ya karanta, ya daɗe riƙe da takardar, sannan ya karɓi biro ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: "Abin da Ummanka ta faɗa, ni ma shi na faɗa."

Ambulan ba ta san kunyar ɗan fari ba. Sai da cikakken suna take tafiya, da lambar rukuni da ta jirgi. Na saba miƙa wa Auta ta rubuta. Wannan karon ni na rubuta da hannuna, harafi bayan harafi, na manna kan sarki, na kai gidan waya da kaina tun kafin a buɗe.

Saura ke. Na cika ki da caji, na ƙure ƙararki, na goge tsofaffin hotuna don kada ki yi nauyi. In 847 ta fito, ki riƙe layin da kyau, kada ki yanke, kada ki tace mini komai, ko shessheƙa ce ki kawo ta yadda take. Na riga na shirya abin da zan ce, don minti biyu ba ya ɗaukar dogon zance. Ba zan tambaye shi ko yana lafiya ba, na san amsar tun kafin a haife shi. Zan ce ya matso da ke kusa da bakinsa, ya ja numfashi mai tsawo har sau uku, ya sake shi a hankali, ni kuma in rufe ido in saurara.

Taki,
Uwar wani kurtu, daga Bronx